Takardun da Ke Ƙasan Akwati: Lacca Kan Komawar Uwa Bakin Aiki Bayan Shekarun Raino

 

A gidaje da yawa na Kano da Zariya da Katsina akwai wata jakar leda da ke kwance a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan lefe, ta sha ƙamshin kafur har ta gaji. A cikinta akwai takardar NCE, ko shaidar kammala makarantar koyon aikin jinya, ko digiri da takardar bautar ƙasa. Akwai takardar ɗaukar aiki mai hatimi, gefenta ya fara ja. Akwai kuma hoton fasfo na wata budurwa mai sirantar fuska, ta ƙura wa mai hoto ido kamar duniya tata ce. Mai jakar takan ci karo da ita sau ɗaya ko biyu a shekara, galibi in tana neman katin rigakafin yaro ko takardar haihuwar da makaranta ta ce a kawo. Ta dubi hoton, ta yi ɗan murmushi, ta mayar, ta rufe akwati, domin an jiyo kuka daga tsakar gida.

In aka haɗu da ita a gidan biki aka ce, "Hajiya, yanzu ina kike aiki?", amsarta ɗaya ce: "Ai ba na komai, ina gida." Matar da ta tashi tun asuba, ta shirya yara biyar, ta yi jinyar surukarta, ta ƙulla zoɓon sayarwa kafin azahar, ita ce ke cewa ba ta komai. Daga wannan amsa matsalar ke farawa, kuma a kanta wannan lacca za ta fi tsayawa.

A fara da lissafi. A Turai da Amurka in ana maganar uwar da ta dakata da aiki don raino, galibi shekara biyu ake nufi, ko uku, ko biyar. A ƙasar Hausa lissafin daban ne. Binciken yawan jama'a da lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa a matsakaici mace tana haihuwar 5.3 a faɗin ƙasa, a Arewa maso Yamma 6.6, a Jihar Katsina 7.3, a Legas kuwa 3.4. A ɗauki haihuwa shida. Kowace da cikinta na wata tara, da wankan jego na kwana arba'in, da shayarwa wadda addini da al'ada suka kai ta kusan shekara biyu. Ana yaye wannan, wani na tafe. Kafin auta ya shiga aji ɗaya, shekara goma sha biyar ta wuce kamar an ƙifta ido.

Sai a ajiye wannan a gefen abin da doka ta tanada. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 54, ta ba mai ciki mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin, sai kuma rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa in ta dawo. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16. Jihar Legas ta kai hutun wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Wannan ƙarin duk na ma'aikatan gwamnati ne. Malamar makarantar kuɗi da ke bayan layi, in ta samu ta yi arba'in ba a ɗauki wata a gurbinta ba, sai ta yi godiya.

Tsakanin mako 12 na doka da shekara biyu na shayarwa akwai wawakeken rami, kuma a cikinsa mata ke faɗawa. Ba kasafai mace ke ajiye aiki rana ɗaya ba. A haihuwar fari takan koma da goyo a baya, ta shimfiɗa zani a kusurwar ɗakin malamai. A ta biyu ta fara makara, shugabar makaranta ta fara ɗaure fuska. A ta uku aka yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa wani gari, ta ce bari ta ɗan huta shekara guda. Shekara gudan nan ce ta zama goma sha biyu. Wata ma ba ta taɓa rubuta takardar ajiye aiki ba, wata rana dai aka yi aikin tantance ma'aikata, sunanta ya fita.

Wannan ba ciwon Bahaushiya ba ne ita kaɗai. Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta bi diddigin aikin matan Amurka na kusan shekara 200, ta nuna cewa a yau babban giɓin da ke tsakanin samun maza da na mata yana buɗewa ne daga haihuwar fari. A Denmark, ƙasar da gwamnati ke tallafa wa gidajen raino sosai, Henrik Kleven da abokan bincikensa sun gano cewa samun mace yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100 bayan haihuwa, ya zauna a haka shekara da shekaru, na mijin kuwa ko gezau.

Binciken da ya fi taɓa batun yau shi ne na Kate Weisshaar, wanda aka buga a 2018. Ta aika takardun neman aiki sama da 3,000 zuwa kamfanoni a birane 50 na Amurka, da sunayen mutanen da babu su, masu ilimi da ƙwarewa iri ɗaya. Abu ɗaya ta bambanta: wasu suna kan aiki, wasu an sallame su, wasu sun zauna gida don raino. A cikin iyaye mata, masu aiki a hannu an kira kusan kashi 15 cikin 100, waɗanda aka sallama kusan kashi 10, waɗanda suka zauna raino kuwa kusan kashi 5. Wato a idon mai ɗaukar aiki, gara wadda kamfani ya sallama da wadda ta tafi da ƙafarta don 'ya'yanta. Mazan da suka rubuta cewa raino ya zaunar da su ma haka aka yi musu, kashi 5 da ɗoriya.

Dalilin kawo waɗannan alƙaluma shi ne a daina yi wa matar nan wa'azin da bai dace ba. Akwai masu shirya tarurruka, su tara mata a zaure mai sanyi, su yi ta cewa "ki yarda da kanki, ke jaruma ce", a tafa, a rarraba lemo, a watse. Kamar dai matsalar duk a cikin kanta take. Tsoronta yana da tushe. Ta san za a dubi shekarun da babu komai a takardarta, ta san sanarwar ɗaukar aiki takan ce kada mai nema ya wuce shekara 27 ko 30, ita kuwa tana 39. In ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, lissafi ta yi, ba ragwantaka ba ce.

To me ya sa yanzu ake ta zaro jakunkunan ledar nan? Wasu yara ne suka girma, gida ya yi shiru da hantsi. Wasu takaba ce ta fito da su, wasu zawarci. Da yawa kuma tsadar rayuwa ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar bai kai kuɗin buhun shinkafa ba a lokacin. Magidancin da ya ce a 2012, "Ki zauna ki kula da yara, nawa ma ake ba ki?", shi ne yau ke cewa bayan sallar isha'i, cikin sanyin murya, "Wai ni kam, takardun nan naki suna nan kuwa?"

Suna nan. Abin tambaya shi ne me ya ɓace a tsakani.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ya fi sauƙin magani, wato kayan aiki. Wadda ta bar aji a 2012 ta bar ɗalibai suna rubuta jarrabawar JAMB da fensir, daga 2015 kuwa kowa a kwamfuta yake yi. Ta bar sanarwa a jikin allon ofis, yanzu a zauren WhatsApp na ma'aikata ake yi. Ta san kai takarda hannu da hannu wurin sakatare, yanzu shafin intanet ne da ke neman lambar NIN, ya ƙi karɓar hoto in ya yi nauyi, ya rufe ƙarfe goma sha biyun dare. Ranar farko da ta zauna gaban wannan shafi, yatsunta suka yi ta laluben haruffa, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa kanta ya yi tsatsa. Alhali abin da ya gagare ta aikin mako uku ne, kuma malaminta yana cikin gida: ɗanta mai shekara goma sha biyu. Ilimin da ta yi shekaru tana tarawa, yadda ake gane yaron da bai fahimta ba daga kallon idonsa, yadda ake samun jijiya a hannun jariri, yana nan inda ta bar shi.

Takardu kuwa suna da wa'adi, kuma wannan ba ya jiran kowa. Lasisin nas da na ungozoma sai an sabunta shi a Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma bayan halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi. Likita ma haka a tasa majalisar. Malama tana bukatar rajistar TRCN, wadda da can ba a matsa a kanta ba, yanzu kuwa ana tambaya. Wadda ta je neman aiki da mataccen lasisi ta ba mai ɗaukar aiki hanyar sallamarta ba tare da ya ji kunya ba. Wannan ne ya kamata ya zama aikin farko, tun kafin a ɗinka kayan zuwa intabiyu.

Sai mutane, kuma a nan asarar ta fi girma. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ofis ma haka yake. Wadda suka fara aiki tare yau mataimakiyar darakta ce, ɗalibin da ta koyar shi ne shugaban sashe. Kunya ke hana ta ɗaga waya. Labarin Carol Fishman Cohen yana da amfani a nan. Ta yi karatun kasuwanci a Harvard, tana aiki a kamfanin hada-hadar kuɗi na Drexel Burnham Lambert, kamfanin ya rushe a 1990 tana hutun haihuwar fari. Ta haifi huɗu, ta yi shekara 11 ba ta aikin cikakken lokaci, sannan ta koma a Bain Capital tana da shekara 42. Daga baya ita da Vivian Steir Rabin suka kafa iRelaunch don masu irin halinta. Wani abu da ta daɗe tana jan hankali a kai shi ne cewa tsofaffin abokan aiki suna riƙe da hoton mutum ne kamar yadda suka rabu da shi. Ita tana ganin kanta da zanin girki da tabon manja, su kuwa wadda suke tunawa ita ce budurwar hoton fasfo, wadda ajinta ya fi kowane aji cin lissafi. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. A wannan zamani ko saƙon gaisuwar Juma'a ya isa buɗe ƙofa.

Yanzu a koma kan "ba na komai". Tun 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a kan ɓoyayyen cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, na hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci. Enid Schildkrout ta ga irin haka a birnin Kano a shekarun 1970. Baƙi sun zo daga nesa sun ga kasuwa a inda masu gida ke cewa zaman gida ake yi. Yau kasuwar ta koma waya: turaren wuta, humra, atamfa, kayan kicin, ana tallatawa a WhatsApp, kuɗi na shigowa ta banki, ɗan a-daidaita-sahu na kai kaya. Uwar adashi da ke riƙe da zubin mata ashirin, ta san wadda za ta kwasa a wane wata, ta san yadda ake bin wadda ta yi jinkiri ba tare da zumunci ya ɓaci ba, tana yin abin da ake biyan ma'aikacin banki albashi a kansa.

Amma a yi hattara, kada a wuce gona da iri. Akwai masu ba da shawarar a rubuta "babbar manajar harkokin gida" a takardar neman aiki. Mai ɗaukar aiki zai yi dariya ne ya ajiye. Abin da ke aiki shi ne gaskiya da adadi: daga shekara kaza zuwa kaza, raino, a cikin lokacin, riƙe adashin mutum ashirin shekara uku ba a yi asarar ko kwabo ba, koyar da yara goma sha biyar darasin yamma, sabunta lasisi a wata kaza. Layi ɗaya ya isa ga rainon, ba tare da ban-haƙuri ba. Ko dandalin LinkedIn tun 2022 ya ware gurbin da mutum zai rubuta cewa ya dakata da aiki, da dalilinsa.

Ina ƙwarin gwiwa zai fito? Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya yi nazarin wannan tun 1977. Ya nuna cewa a cikin abubuwan da ke sa mutum ya yarda zai iya, babu mai ƙarfi kamar ya yi abin da hannunsa ya ga ya yiwu. Ganin wani irinsa ya yi yana taimakawa, kalaman ƙarfafa gwiwa kuwa suna can baya. Ma'ana, matar da ke jira sai ta ji ta shirya sannan ta nema, ta juya tsarin ne. Darasi ɗaya da ta koyar a Islamiyyar unguwa, yara suka gane, ya fi mata tarurruka goma. Nas ɗin da ta ba da kanta ranar awon ciki a asibitin sha-ka-tafi, ta ga hannunta bai manta ba, ta dawo gida da wata irin tafiya. Wadda ke son ƙarin takarda, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a 2002, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, duka an tsara su ne don mai karatu daga gida.

Sandra Day O'Connor ta wannan ƙaramar ƙofa ta bi. Ta dakata da aikin lauya daga 1960 zuwa 1965 don rainon 'ya'yanta maza, ta riƙa ayyukan sa-kai don kada hannu ya sandare, ta koma a ofishin babban lauyan Jihar Arizona. A 1981 ta zama mace ta farko a Kotun Ƙolin Amurka. A gida kuma, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tun tana ƙaramar yarinya, ta ajin ilimin manya ta koma a Kano, ta zo ta rubuta littattafan da har aka fassara ɗaya zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora wa mace ɗaya nauyin gyara abin da tsari ya ɓata. A 2008 bankin Goldman Sachs ya buɗe wani shiri na 'yan makonni, mai biyan albashi, don ƙwararrun da suka daɗe ba sa aiki: su gwada, a gwada su, in an dace a ɗauke su. A shekarar ce kuma rukunin kamfanonin Tata a Indiya ya fara irin nasa don mata. Dabarar ba ta da wuya. Mai ɗaukar aiki yana tsoron giɓin takarda, sai aka ba shi damar ganin aiki da idonsa kafin ya sa hannu.

Arewa ta fi Amurka bukatar wannan. Asibitocin karkara suna kukan rashin ma'aikatan lafiya mata, a yankin da mata da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har Borno, ya gane cewa matar aure ba za ta zauna a makarantar jinya ba sai an tanadar mata wurin kwana da ɗakin raino, kuma aka tanada. An kashe kuɗi an horar da sababbi, abin a yaba. Amma waɗanda aka riga aka horar, suna zaune a unguwanni da lasisi a ƙasan akwati, wace ma'aikatar lafiya ce ta taɓa ƙirga su? Kwas ɗin wata uku na tuna baya, da sassauci a kuɗin sabunta lasisin da ya taru, da ɗage sharaɗin shekaru, zai fi araha nesa ba kusa ba a kan horar da ɗaliba daga tushe. Tunanin ma ba baƙo ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru, manyan mata ta naɗa jajis, waɗanda suka gama ɗawainiyar goyo, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai ilimi ƙauyuka.

Saura cikin gida, inda maganar ke ƙarewa ko ta lalace. Ranar da aka ba ta aiki, tambayar farko ba ta albashi ba ce: wa zai ɗauko yara ƙarfe ɗaya da rabi? Wa zai zauna da mai zazzaɓi? In amsar kullum "ita" ce, to wata shida ya yi yawa ta sake komawa gida, wannan karon da tabbacin cewa ba za ta iya ba. Gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu a 2021. Kwana goma sha huɗu ba sa raino, amma sun sa a takarda cewa uba ma yana da hannu a ciki. Maigidan da ya tambayi takardu ya kamata ya tambayi kansa ko zai iya tsayawa ƙofar makaranta da babur sau uku a mako. Akwai kuma hanyar da gidaje da yawa ke bi, wadda ya kamata a faɗa ko da ba daɗi: a ɗauko yarinya 'yar shekara goma daga ƙauye ta zama 'yar aiki, a raba ta da aji don wata ta koma ofis. Wannan canza wa matsalar gida ne kawai, an kai ta gidan da ba su da bakin magana.

Ga wadda ta taɓa aiki bayan gyaran dokar fansho na 2004, akwai wani abu da ake mantawa. Asusun fanshonta, in an buɗe mata, yana nan da sunanta da lambarta, barin aiki bai rufe shi ba. In ta koma, a kansa za a ci gaba da zubi, kashi 8 daga albashinta, kashi 10 daga mai aiki, kamar yadda dokar 2014 ta tsara. Ta nemo lambar tun kafin a tambaye ta, wataƙila tana cikin ledar nan.

Albashin farko kuwa, kowa ya san yadda ake yi da shi. Za a kai wa mahaifiya nata ta sa albarka, a saya wa suruka goro da turare, yara su ce sai an yi musu shinkafa da kaza, maigida ya yi gyaran murya a kan kuɗin makarantar auta. Kafin a fara wannan rabo, ta zare kuɗin sabunta lasisi na gaba da na motar wata guda, ta ba uwar adashi ta riƙe mata.